Filin Tambaya da Amsa: Kolajin, furotin ɗin da ke riƙe da jiki, da cututtukan da ke tasowa daga gare shi

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa sun zo daga mutanen da ba su san juna ba, kuma kowa da abin da ya dame shi: ɗalibi mai neman ƙarin bayani, uwa da hankalinta ya tashi kan karayar ɗanta, baiwar Allah da ke tunanin sayen garin gyaran fata, da magidanci da tabo ya ƙi daina girma a ƙirjinsa, sai wasu biyu masu matsalar gaɓoɓi. Mun haɗa su wuri guda ne saboda tushen amsarsu ɗaya ne, wato furotin ɗin da ake kira kolajin. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya, mun kuma taƙaita wasiƙun da suka yi tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗalibi ne a makarantar koyon aikin jinya. An koya mana cewa ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka yi jiki, amma malaminmu ya ce a ƙashi da jijiya abin da ke tsakanin ƙwayoyin ya fi su kansu yawa. Mene ne wannan abu, kuma me ya sa ake yawan ambaton kolajin idan ana maganarsa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗalibi. Malaminku ya faɗi gaskiya. Ƙwayoyin halitta ba a jibge suke kan juna ba. Kowace ƙwaya tana zaune ne cikin wata saƙa da ita da maƙwabtanta suka fitar daga cikinsu, saƙar da ta ƙunshi zaruruwan furotin, da wasu dogayen sinadaran sukari masu riƙe ruwa, a ƙashi da haƙori kuma har da ma'adinai. Wannan saƙa ce ke ba kowace gaɓa siffarta da ƙarfinta, ita ce kuma ke isar wa ƙwayar saƙon ta rayu, ko ta rabu biyu, ko ta tashi ta koma wani wuri. A cikin furotin ɗin da ke cikinta akwai ilastin mai sa fata da huhu su miƙe su dawo, da fibronektin da laminin masu manna ƙwaya da saƙar, amma kolajin ya fi su duka yawa, domin shi kaɗai ya kai kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na dukan furotin ɗin jikin mutum.

An gano nau'insa 28, sai dai kaɗan ne suka fi shafar aikinka na yau da kullum. Nau'i na 1 shi ne mafi rinjaye, yana cikin fata da ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Nau'i na 2 na guringuntsi ne. Nau'i na 3 yana tafiya tare da na 1 a bangon jijiyoyin jini da hanji da mahaifa. Nau'i na 4 ba ya yin zare, shimfiɗa yake yi siririya a ƙarƙashin ƙwayoyi, kuma da shi aka gina matatar ƙoda.

Idan kana son ka fahimci cututtukan kolajin, to ka riƙe siffarsa, domin kusan komai daga nan yake fitowa. Kolajin igiya ce mai tufka uku: silili uku, kowanne ɗauke da amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) wajen 1,000, suka murɗe da juna. A kowane silili, duk amino asid na uku dole ya zama gilaisin, saboda shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi kaɗai ke iya shiga matsatsin tsakiyar murɗin. G. N. Ramachandran da abokin aikinsa Gopinath Kartha ne suka fara bayyana wannan siffa mai silili uku a birnin Madras na Indiya a 1954. Tsawon igiya ɗaya bai wuce nanomita 300 ba, kaurinta kuma nanomita 1.5, alhali nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kafin silallan su murɗe da kyau, sai wasu inzayim, wato furotin masu gudanar da aikin sinadarai a jiki, sun yi wa amino asid ɗin da ake kira furolin da laisin gyara a cikin ƙwayar, kuma waɗannan inzayim ba sa aiki sai da sinadarin ƙarfe da bitamin C. Bayan an fitar da igiyar waje, sai wani inzayim mai buƙatar tagulla ya ƙulle ta da 'yan'uwanta, su zama zare mai kauri wanda ba ya tsinkewa da sauƙi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda jeri kawai ke sauya aikin abu ɗaya. A agara, zaruruwan suna kwance sambal a layi ɗaya domin su jure ja. A fata, sun sarƙe ta kowace fuska. A ido kuwa, ɓangaren nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido da farin idon da ke kewaye da shi duk kolajin nau'i na 1 ne mafi yawansu, amma a na farko zaruruwan sirara ne, kaurinsu ɗaya, tazararsu ɗaya, don haka haske ke ratsawa, a na biyu kuwa kaurinsu ya bambanta kuma a hargitse suke, don haka ya fito fari.

Jiki ba ya gina kolajin ya bar shi haka nan. Yana rushe tsoho yana saƙa sabo. A 1962 Jerome Gross da Charles Lapière suka gano inzayim mai yanka kolajin a jelar talibambam, lokacin da jelar ke narkewa yana rikiɗa ya zama kwaɗo, daga baya kuma aka gane cewa mutum ma yana da dangin wannan inzayim masu yawa. Saurin sabuntawar ya bambanta ƙwarai: an ƙiyasta cewa rabin kolajin fata yana sauyawa cikin shekara 15, amma na guringuntsin gaɓa sai ya haura shekara 100, wato wanda mutum ya gina a ƙuruciya da shi zai tsufa. Ciwo yana zuwa ne ta hanya uku: ko igiyar ta fito da aibi tun daga gado, ko rushewa ta fi ginawa, ko ginawa ta fi rushewa. Wasiƙun da ke biye sun taɓo dukan ukun.

TAMBAYA: Likita, ina cikin damuwa. Ɗana shekararsa huɗu, amma ya karye sau uku, biyu daga ciki faɗuwa ce 'yar ƙarama a cikin ɗaki. Farin idonsa yana da shuɗi-shuɗi. Mahaifinsa ma ya sha karaya yana yaro, yanzu kuma jinsa ya fara raguwa. Wasu daga cikin dangi suna cewa sakacina ne. Ina ba shi maganin ƙarin kalsiyam amma ban ga canji ba. Don Allah a ba ni shawara.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma sanyaya miki zuciya. Tabbatar da ciwo aikin likitan da ya duba yaron ne, amma alamomin da kika jero, wato karaya ba tare da wani babban dalili ba, da shuɗin farin ido, da uba mai irin wannan tarihi da raguwar ji, sun yi daidai da ciwon gautsin ƙashi na gado, wanda likitoci ke kira ostiyojenesis imfafekta. Ana samunsa a wajen jariri 1 cikin 15,000 zuwa 20,000. Idan shi ne, to ba sakacinki ba ne, kuma babu abin da kika ci ko kika bari lokacin goyon ciki da ya jawo shi. Ina so ki nuna wa dangin wannan amsa.

Dalilin da ya sa kalsiyam bai yi aiki ba shi ne, ƙashi abu biyu ne a haɗe. Ma'adinin kalsiyam da fosfet ke ba shi tauri, kolajin kuma ke ba shi juriya, ya ɗan ba da kai idan an danne shi maimakon ya fashe. A ɗakin gwaji ana nuna wa ɗalibai wannan ƙarara: ƙashin da aka jiƙa a ruwan asid har ma'adininsa ya narke yana lanƙwasuwa a hannu ba ya karyewa, wanda kuwa aka ƙona har kolajinsa ya tafi, da an matsa shi sai ya marmashe. A ciwon da muke magana a kai, matsalar tana wajen kolajin. A wajen kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na masu ciwon, aibin yana cikin ɗaya daga ƙwayoyin gado biyu, COL1A1 ko COL1A2, waɗanda ke ɗauke da umarnin ƙera silallan kolajin nau'i na 1. Da yake wannan nau'in yana cikin farin ido, sai farin ya yi siriri har duhun abin da ke ƙarƙashinsa ya bayyana da launin shuɗi. Yana cikin ƙananan ƙasusuwan kunne, shi ya sa ji kan ragu, galibi bayan an girma. Yana cikin haƙori, shi ya sa haƙoran wasu ke fitowa da launin toka ko ruwan ƙasa suna saurin gutsurewa. Shuɗin ido shi kaɗai ba hujja ba ne, domin ana ganinsa kaɗan a jarirai masu lafiya da masu ƙarancin sinadarin ƙarfe.

A 1979 wani likita a Ostareliya, David Sillence, ya kasa ciwon gida huɗu, kuma har yau ana amfani da rabon nasa duk da an ƙara wasu nau'o'i. Bambancin da ke tsakaninsu yana da girma, kuma akwai abin da zai kwantar miki da hankali a cikin dalilinsa. A nau'i mafi sauƙi, kwafi ɗaya na ƙwayar gadon ya yi shiru, ɗayan yana aiki, don haka jiki yana ƙera kolajin mai kyau amma rabin adadin da ya kamata. A nau'o'i masu tsanani kuwa, wani amino asid mai girma ne ya maye gurbin gilaisin a wuri ɗaya, sai sililin mai aibi ya shiga tufkar ya hana ta murɗewa, ya ɓata lafiyayyun da suka haɗu da shi, har ya zama biyu ko uku cikin kowace igiya huɗu sun lalace. Wato rashin rabi ya fi samun mai aibi sauƙi. Yaron da ke tafiya da ƙafarsa, mai shuɗin ido, wanda mahaifinsa ya girma ya yi iyali da ciwon, ya fi kama da nau'i mai sauƙin, kuma a wannan nau'i karaya tana raguwa sosai bayan balaga. Ciwon ba ya taɓa basira ko kaɗan.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki nemi a tura ku wurin likitan yara ko likitan ƙashi, ki faɗi tarihin mahaifinsa tun kafin a tambaye ki. Za a ɗauki hoton ƙashi, a auna bitamin D da kalsiyam domin a kawar da wasu dalilan, inda akwai hali kuma a yi gwajin ƙwayoyin gado. Babu maganin da ke gyara ƙwayar gadon, amma akwai magungunan da ake kira bisfosfonet, irin su famidronet da zoledronet, da ake ƙarawa ta jijiya lokaci-lokaci domin rage saurin rushewar ƙashi, suna ƙara masa kauri suna kuma rage ciwo. Idan ƙashin cinya ko ƙwauri yana lanƙwashewa ko yana yawan karyewa, likitocin tiyata kan zura masa sandar ƙarfe ta ciki. Idan ya karye, kada a bari kowa ya ja gaɓar ko ya murza ta da ƙarfi, kada kuma a bar shi a ɗaure fiye da lokacin da likita ya ɗiba, domin ƙashin da ba ya motsi ƙara rauni yake yi. Saboda wannan dalili ne ba na so tsoro ya sa ki hana shi wasa gaba ɗaya. Tsoka mai ƙarfi kariya ce ga ƙashi, kuma motsa jiki a cikin ruwa yana daga mafi dacewa da irinsu. Mahaifinsa ya je a auna jinsa. Game da haihuwa ta gaba, idan uba ne ke ɗauke da aibin, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 na gado, kuma idan kuka sami jariri, a riƙa ɗaukarsa da tafin hannu a ƙarƙashin kai da ɗuwawu, kada a ɗaga shi ta idon sawu wajen sauya masa ƙyalle.

TAMBAYA: Gaɓoɓina suna lanƙwasuwa fiye da na kowa, har babban yatsana yana taɓa damtsen hannuna, kuma kafaɗata ta sha gocewa. Wannan ma ciwon kolajin ne?

AMSA: Malama, laushin gaɓa shi kaɗai ba ciwo ba ne, mutane da yawa suna da shi, musamman yara da mata, ba tare da wata illa ba. Amma idan ya haɗu da yawan gocewar gaɓa, da fata mai miƙewa fiye da kima, da taruwar jini a ƙarƙashin fata daga ɗan bugu, da tabo mai faɗi siriri, to ya kamata a bincika ciwon Ehlers-Danlos, wanda aka sa wa sunan likitocin fata biyu, ɗaya ɗan Denmak ɗaya ɗan Faransa, da suka bayyana shi a 1901 da 1908. Rabon da masana suka yi a 2017 ya kasa shi nau'i 13. Wanda ya fi haɗari shi ne na jijiyoyin jini, inda kolajin nau'i na 3 ke da aibi, domin babbar jijiyar jini ko hanji ko mahaifar mai ciki na iya fashewa. Ba shi da yawa, amma idan a danginku an taɓa samun irin wannan fashewa ko mutuwar fuju'a a ƙuruciya, ki gaya wa likita kafin kowace tiyata da kafin ɗaukar ciki. Ki daina nuna wa mutane yadda gaɓoɓin ke lanƙwasuwa, ki kuma nemi mai gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti ya koya miki atisayen ƙarfafa tsokar kafaɗa.

TAMBAYA: Likita, shekarata 46, fatar fuskata ta fara saki. Ina ganin tallan garin kolajin da ake sha da man shafawa mai kolajin. Suna aiki kuwa?

AMSA: Hajiya, abin da kike gani a madubi gaskiya ne. Bayan an girma, kolajin fata yana raguwa da wajen kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, kuma a mata raguwar tana yin sauri bayan ɗaukewar al'ada, har an ƙiyasta asarar kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko, saboda faɗuwar sinadarin istirojin. Tambayar ita ce ko abin da ake tallatawa yana mayar da shi.

Batun man shafawa gajere ne. Abin da ke ratsa lafiyayyar fata galibi nauyinsa bai wuce dalton 500 ba (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne), igiyar kolajin kuwa ta kai dalton 300,000. A saman fata take tsayawa, ta riƙe danshi, fata ta yi laushi na ɗan lokaci, amma ba ta isa inda ake saƙa ba. Garin da ake sha ana samo shi ne daga fata da ƙashin shanu ko alade ko kifi, don haka mai kula da asalin abin da yake ci sai ya karanta jikin kwalin. Idan ya shiga ciki, narkewa yake yi kamar kowane furotin, ya koma amino asid da 'yan guntaye, jiki kuma ya kai su inda ya ga dama, ba lallai fuska ba. An yi gwaje-gwaje da suka nuna ɗan ƙarin danshi da taushin fata, sai dai yawancinsu ƙanana ne, na 'yan watanni, kuma da yawa kamfanonin da ke sayar da garin ne suka ɗauki nauyinsu. Ga mai lafiya ba shi da wani haɗari sananne, amma a ganina alƙawarin da talla ke yi ya zarce hujjar da ke hannu nesa ba kusa ba.

Abin da hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne kare wanda kike da shi. Hasken rana mai zafi yana tayar da inzayim masu yanka kolajin, hayaƙin taba ma haka, kuma yana rage jinin da ke isa fata. Mayukan da ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, irin su kulobetasol, da wasu ke shafawa wata da watanni domin haske, suna hana ƙwayoyin fata ƙera kolajin, shi ya sa fatar ke yin siriri, jijiyoyi su fito, nankarwa mai faɗi ta bayyana, rauni kuma ya ƙi warkewa. Wannan ɓarna ta fi ta shekaru sauri, kuma nankarwar ba ta gogewa. A ɗaya ɓangaren, man tiretinoyin, dangin bitamin A da likita ke rubutawa, an tabbatar yana ƙara ƙera kolajin a fatar da rana ta lalata, amma mai ciki ba ta amfani da shi.

Sai bitamin C, wanda tarihi ya nuna muhimmancinsa ta hanya mai ban tausayi. Yawancin dabbobi suna ƙera shi a jikinsu, mutum kuwa sai ya ci. Idan ya yanke na wata ɗaya zuwa uku, sabon kolajin ba ya murɗewa, sai ciwon sikabi ya bayyana: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, jini ya taru a ƙarƙashin fata. A tafiyar jiragen ruwan Ingila da George Anson ya jagoranta daga 1740 zuwa 1744, an rubuta labarin wani tsohon soja da raunin da ya ji a yaƙi fiye da shekara 50 kafin nan ya sake buɗewa kamar bai taɓa warkewa ba, saboda jiki ya ci gaba da rushe kolajin tabon alhali ya kasa ƙera madadinsa. A 1747 likitan jirgi James Lind ya raba matuƙa 12 masu ciwon gida shida, ya ba kowane gida magani daban, biyun da suka sami lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka farfaɗo cikin kwanaki. Babba yana buƙatar miligiram 75 zuwa 90 ne kawai a rana, abin da 'ya'yan itace da ɗanyen ganye ke bayarwa, kuma ninka wannan adadi sau goma ba ya sa jiki ya ninka kolajin.

TAMBAYA: Wani ɗan ƙurji ya fito mini a ƙirji, bayan ya warke sai tabon ya yi tudu, yana ta faɗi yana ƙaiƙayi. An yanke shi sau ɗaya ya dawo ya fi da girma. Yayana kuma an ce masa hantarsa ta yi tabo saboda ciwon hanta nau'in B. Akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu?

AMSA: Malam, ɗaya bai jawo ɗaya ba, kuma ba gadon abu ɗaya kuka yi ba, amma hanyar da suka bi iri ɗaya ce: jiki ya fara gyara bai san inda zai tsaya ba. Idan fata ta yanke, ƙwayoyin da ake kira faibroblas suna ruguwa wurin su zuba kolajin nau'i na 3 cikin gaggawa, daga baya a riƙa maye shi da nau'i na 1 wata bayan wata. Ko tabon da ya warke lafiya ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali. Naka shi ake kira kiloyid, kuma abin da ya raba shi da tabo mai tudu na yau da kullum shi ne yana tsallake iyakar raunin ya ci lafiyayyar fata, ba ya kuma sacewa da kansa. Ya fi yawa ga masu baƙar fata, yana bin dangi, ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, kuma ya fi son ƙirji da kafaɗa da gadon baya da leɓatun kunne. Ba kansa ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani.

Yanka shi kaɗai sabon rauni ne, shi ya sa galibi yake dawowa. Likitocin fata sun fi farawa da allurar sitiroyid, yawanci tirayamsinolon, a cikin tabon kansa duk bayan 'yan makonni, wadda ke rage ƙaiƙayi ta kuma kwantar da tudun, tare da manna faifan silikon ko matse wurin. Idan tiyata ta zama dole, ana haɗa ta da allurar ko da gashin haske nan da nan bayan yankan. Ka guji duk wani huji ko yanka da ba na lalura ba, ka yi maganin ƙuraje da wuri, ka kuma sanar da duk likitan da zai yi maka tiyata.

Lamarin yayanka ya fi naka nauyi, amma akwai kyakkyawan fata a ciki. A hanta akwai wasu ƙwayoyi da aikinsu a lokacin lafiya shi ne ajiye bitamin A. Idan kumburi ya daɗe, ko daga ƙwayar cutar hanta nau'in B ko C, ko giya, ko taruwar kitse, sai su rikiɗe su koma masu zuba kolajin, har zaruruwan su kewaye lafiyayyun ƙwayoyi su matse hanyoyin jini, hanta ta ƙanƙance ta yi tauri. An daɗe ana ɗauka cewa wannan tabo ba ya komawa baya, sai bincike ya nuna cewa idan aka kawar da abin da ke hura kumburin, inzayim masu yanka kolajin na iya cin ƙarfin masu zuba shi. A wani nazari da aka wallafa a 2013 kan masu ciwon hanta nau'in B da suka sha maganin tenofobir na shekara biyar, cikin mutum 96 da hantarsu ta riga ta ƙanƙance tun farko, 71 sun fita daga wannan mataki. Saboda haka ya riƙe maganinsa kada ya yanke ba da izinin likita ba, ya nisanci giya da duk maganin da ba likita ya rubuta ba, ya riƙa zuwa hoton hanta duk wata shida domin haɗarin kansa bai gushe ba. Kai da sauran mutanen gidan kuma ku je gwaji, wanda ba ya ɗauke da cutar a yi masa rigakafi.

TAMBAYA: Ina da ciwon sukari shekara 12. Yanzu kafaɗata ta sandare, yatsuna ma ba sa miƙewa sosai. Sukarin ne?

AMSA: Baba, akwai yiwuwar haka ƙwarai. Sukarin da ya yi yawa a jini yana manne wa furotin da kansa ba tare da wani inzayim ba, kuma da yake kolajin yana daɗewa a jiki, shi ya fi tara wannan manni. Sannu a hankali sai ƙarin ƙulli ya shiga tsakanin zaruruwan, su yi tauri, inzayim masu sabunta su kuma su kasa yanka su. Sandarewar kafaɗa ta fi yawa sosai ga masu ciwon sukari. Ka gwada haɗa tafin hannuwanka biyu yatsa da yatsa: idan rata ta rage a tsakani ba su manne ba, alama ce da likitoci ke dubawa, kuma sau da yawa tana tafiya tare da illar sukari a ƙananan jijiyoyin ido da ƙoda. Don haka bayan atisayen kafaɗa da maganin ciwo, ko allura a gaɓar idan likita ya ga dacewa, ka nemi a duba bayan idonka, a auna furotin a fitsari, a kuma yi gwajin HbA1c da ke nuna matsakaicin sukarinka na wata biyu zuwa uku. Idan za a yi maka allurar sitiroyid a kafaɗar, ka sani tana ɗaga sukari na 'yan kwanaki, sai ka ƙara yawan awo a wannan mako.